Wasan da aka buga a sanyin Minesota da rigimar da ya bari tsakanin magoya baya

Ranar 2 ga Fabrairu 2022 Amurka ta karɓi Honduras a filin Allianz dake birnin St. Paul a jihar Minesota, wasan neman gurbin kofin duniya na Katar. Mu a nan lokacin hankali na kan gasar Afirka a Kamaru, a ranar ne ma Senegal ta fitar da Burkina Faso a wasan kusa da na ƙarshe, kuma wasan Amurkan sai wajen ɗaya da rabi na dare agogon Najeriya aka take shi, toh mafi yawan mutane sai da gari ya waye suka ga hotuna, 'yan wasa sun naɗe kai da wuya sai ido kawai ake gani, tururi na fita daga baki, 'yan benci sun dunƙule cikin bargo.

Sanyin da aka fara wasan a cikinsa ya kai wajen digiri 15 zuwa 16 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, in ka haɗa da iskar dake kaɗawa kuma abin da fatar mutum ke ji ya wuce 20 ƙasa da sifili. Don a gane, muku-mukun da muke kuka dashi a Kano ko Zinder tsakiyar hunturu, wanda mutum ke ɗaga wanka sai rana ta fito, yawanci yana sama da digiri 10 ne, ita kuwa firizar da ake daskarar da nama a ciki 18 ƙasa da sifili ake saita ta. Kaga kenan kusan a cikin firiza aka ce mutum ashirin da biyu su yi minti 90 da gajeren wando. Tarihin tawagar Amurka bai taɓa rubuta wasa mai sanyi irin wannan ba.

Amurka ta ci 3-0. Weston McKennie ya fara ci da ka tun kafin a cika minti goma, Walker Zimmerman ya ƙara kafin hutu, Christian Pulisic ya shigo daga benci ya rufe. Duka ukun daga ƙwallon da aka ajiye aka buga suka fito, firikik biyu da kwana ɗaya, Kellyn Acosta ne ya ɗago su. Amma ba ƙwallayen ne suka zama abin magana ba. Da aka dawo hutun rabin lokaci golan Honduras Luis López da ɗan gabansu Romell Quioto basu dawo fili ba, hukumar ƙwallon ƙasar tace sanyi ne ya kayar dasu, kocinsu Hernán Darío Gómez ɗan Kolambiya ya fito gaban 'yan jarida ransa a ɓace yana cewa yana da yara a ɗakin canza kaya ana musu ƙarin ruwa, kuma ba a yi ƙwallo don a sha azaba ba. Shi kuma kocin Amurka Gregg Berhalter amsar da ya bayar ita ce, in su sukaje Amurka ta Tsakiya ana zafi da gumi har 'yan wasansu na fama da ɗaurewar jijiya da ƙarancin ruwa a jiki, ba wanda ke tausaya musu, haka gasar take. Har ma an ganshi ana cikin wasa ya juya yana ɗaukar hoto da 'yan kallo, abin da ya ƙara tunzura mutanen Honduras.

Daga nan magoya baya suka rabu, kuma rabuwar ba wai Amurkawa gefe guda 'yan Honduras gefe guda bace kawai, a cikin Amurkawan ma an yi ta cacar baki. Akwai waɗanda suka je filin, mutum dubu 19 da 'yan kai, filin kusan ya cika, su abin alfahari ne a wurinsu, sun sa riga kan riga sun tsaya awa biyu sun dawo gida da labarin da zasu ba jikoki. Mutanen Minesota dama da sanyinsu suke tutiya, in ka ce musu ba a iya zama a garinsu daɗi suke ji. Akwai kuma masu cewa gida gida ne, kowa da makaminsa, Meziko na kai mutane filinta na Azteca inda tsayin ƙasa ya haura mita 2,200 numfashi na yankewa, Honduras na saka wasa da tsakar rana a San Pedro Sula, to don me za a ce Amurka kaɗai ce bata da ikon amfani da yanayinta. Sai kashi na uku, waɗanda suka ce wannan abin kunya ne ga ƙasar da take da 'yan wasa a Chelsea da Juventus da Dortmund ta ɓuya bayan sanyi don ta doke ƙungiyar da take ta ƙarshe a tebur, wadda bata ci wasa ko ɗaya ba, wadda ma Amurkan ta je har gidanta a Satumbar 2021 ta zura mata 4-1.

Ni inda na tsaya, masu cewa ai suma suna yi suna da gaskiya rabi, amma sun haɗa abu biyu da ba ɗaya bane, kuma dukkansu sun manta da ainihin dalilin da yasa aka kai wasan can.

Bari mu fara da dalilin, don shi ne aka fi tsallakewa. Amurka tana da wata matsala da kusan babu wata babbar ƙasar ƙwallo dake da irinta, wato tana iya buga wasa a gidanta ta zama baƙuwa. Miliyoyin 'yan asalin Meziko da Salbado da Honduras da Gwatamala suna zaune a Los Angeles da Houston da Miami da New York da Washington, kuma su ƙwallo addini-addini suke ɗaukarta, tikiti na fitowa sun saye. Ranar 1 ga Satumba 2001 Honduras ɗin nan ta zo filin RFK a Washington ta doke Amurka 3-2 a wasan neman gurbi, filin cike da tutar shuɗi da fari kamar a Tegucigalpa ake. A 2011 wasan ƙarshe na Gold Cup, kofin ƙasashen yankin, a filin Rose Bowl kusa da Los Angeles, mutum sama da dubu 90, mafi yawansu Meziko suke yi, Meziko ta ci 4-2. A 2017 aka kai wasan Kosta Rika jihar New Jersey, 'yan Kosta Rika suka cika wani ɓangare babba na filin, Amurka ta sha kashi 2-0, bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki taje Trinidad aka doke ta 2-1 a garin Couva, kofin duniya na 2018 ya wuce ta, karon farko tun 1986. Wannan ciwon har 2022 bai warke ba, duk shawarar da hukumar ƙwallon Amurka ta yanke a wannan zagaye da tsoron Couva ta yanke ta.

Toh maganin da suka gano tun tuni shi ne ƙaramin fili a tsakiyar ƙasa can arewa inda baƙin basu da yawa, a sayar da tikiti ga 'yan ƙungiyar magoya baya tun kafin ya fita kasuwa. A Fabrairun 2001 suka gwada a Columbus ta jihar Ohio da Meziko cikin sanyi, suka ci 2-0, daga nan Columbus ta zama gidan karɓar Meziko, aka yi ta maimaita 2-0 ɗin a 2005 da 2009 da 2013. Kaga sanyin ba shi ne asalin manufa ba, biyo baya yayi. Abin da ake gudu shi ne ɗan Honduras mai aikin gini a Houston ya shigo da ganga da tuta, shi kuwa wannan bawan Allah ba zai ɗauki jirgi zuwa Minesota ranar Laraba a watan Fabrairu ba. Akwai kuma maganar tafiya, a wancan zagayen wasa uku aka buga cikin kwana bakwai, Salbado a Columbus ranar 27 ga Janairu, Kanada a Hamilton ranar 30, sannan Honduras, sai suka ce gara duk a tsaya a yanki ɗaya kar a yi ta doguwar tafiya ana sauya yanayi. Filin Allianz kuma yana da bututun ɗumama ƙasa a ƙarƙashin ciyawa, don haka filin kansa ba zai daskare ba. Duk waɗannan dalilai ne na gaske, ba ƙarya suka yi ba, sai dai ciyawa aka ɗumama ba mutane ba.

Wani zai ce me ya kawo wasan neman gurbi a ƙarshen Janairu ma tukuna? Korona ce. A da ba a buga irin waɗannan wasanni a wannan lokaci a jere haka, amma da annoba ta cinye 2020 sai aka matse jadawali, ƙasashe takwas, kowa wasa 14, daga Satumba 2021 zuwa Maris 2022, dole aka buɗe wata taga ta musamman a tsakiyar hunturu. Ita kanta ƙungiyar Minnesota United mai filin bata buga wasan gida a farkon Fabrairu, gasar kulob-kulob ta Amurka, MLS, na hutu a lokacin, kamar yadda Norway da Suwidin ke buga gasarsu daga bazara zuwa kaka don gudun irin wannan. Wato masu garin da kansu sun san ba lokacin ƙwallo bane.

Yanzu maganar ai suma suna yi. Gaskiya ne Honduras ba waliyyai bane. A Fabrairun 2013 sun saka wasansu da Amurka ƙarfe uku na rana a San Pedro Sula da gangan, zafi da damshi, suka ci 2-1. Bolibiya kuwa ta mayar da tsauni makami a fili, La Paz mita 3,600 sama da teku, inda a 2009 suka yi wa Ajantinar Maradona da Messi a ciki 6-1. FIFA ta taɓa haramta wasa sama da mita 2,500 a 2007, shugaban ƙasa Evo Morales ya tada ƙura har da hawa tsauni ya buga ƙwallo don nuna ana iyawa, cikin shekara guda aka janye dokar. Hujjar Bolibiya mai ƙarfi ce, a nan muke rayuwa, a nan 'ya'yanmu ke buga ƙwallo, in ka hana mu wasa a babban birninmu ka hana mu gida. Toh wannan hujjar ce Amurka bata da ita. Honduras duk inda ta kai ka a ƙasarta yanayin ƙasa mai zafi ne, abin da take iya zaɓa awa ce kawai. Amurka kuwa a daren nan tana da filaye masu rufi, tana da Kalifoniya da Florida da Texas, har a Minneapolis dake maƙwabtaka da St. Paul akwai katafaren fili mai rufi, sai dai ciyawarsa ta roba ce. Ta tsallake duk wannan ta zaɓi ɗaya daga cikin birane mafi sanyi a ƙasar, a tsakiyar hunturu, kuma da daddare saboda talabijin. Su kansu 'yan wasan Amurka ba a wannan sanyin suke rayuwa ba, McKennie ɗan Texas ne yana wasa a Turin, golansu Matt Turner sai da ya ɗaura wata jakar ɗumama hannu a ƙugu irin ta 'yan ƙwallon zari-rugan Amurka, rafali yace ya cire.

Na biyu kuma, zafi yana da doka, sanyi bashi da ita, a nan ne nake ganin duk musun ya kamata ya tsaya. FIFA tana da ma'aunin zafi wanda ke haɗa rana da damshi da iska, in ya kai 32 rafali zai tsayar da wasa a sha ruwa wajen minti na 30 da na 75, an fara ganin haka a hukumance a kofin duniya na 2014 wasan Holan da Meziko a Fortaleza. Saboda zafi aka ɗage kofin duniya sukutum daga Yuni zuwa Nuwamba a Katar. Amma sanyi fa? A Turai UEFA tana da layi, in ya kai 15 ƙasa da sifili ana ɗage wasa sai dai in ƙungiyoyin biyu sun yarda su buga. Da a ce wasan St. Paul a ƙarƙashin UEFA yake, da Honduras tana da bakin cewa a'a. A yankin Concacaf, hukumar ƙwallon Amurka ta Arewa da ta Tsakiya da Karibiyan, ba a basu wannan damar ba, in dai fili na buguwa kuma rafali na ganin layi, shikenan a buga. Abin dariyar ma, hukumar ƙwallon Amurka tana da nata ƙa'idojin lafiya da take rabawa ƙungiyoyin yara da makarantu, inda ta rubuta cewa in sanyi ya kai irin wannan mataki a soke wasa ko a koma cikin ɗaki. Magoya baya suka zaƙulo takardar suka yi ta yaɗawa a Twitter kwanaki kafin wasan.

Kuma mutane na raina abin da sanyi ke yi wa jiki don suna ganin ai gudu ake, jiki zai ɗumama. Zai ɗumama in kana gudun. Jikin ɗan Adam yana riƙe kansa a digiri 37, da sanyi ya buge shi sai ya matse jijiyoyin jini na fata da yatsu da kunne da hanci ya tura jinin ciki don kare zuciya da ƙwaƙwalwa, shi yasa yatsu ke fara mutuwa, kuma a irin iskar daren nan fatar da ba a rufe ba tana iya fara daskarewa cikin abin da bai fi rabin awa ba ko kaɗan sama da haka. In zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari, rawar ɗari, harshe ya yi nauyi, tunani ya rikice. Gumi ma abokin gaba ne, ka yi gudu riga ta jiƙe sai wasa ya tsaya na minti biyu iska ta bugi jiƙaƙƙiyar rigar. Busasshiyar iska mai sanyi kuma tana ƙona maƙogwaro da huhu, mai asma ya fi kowa sani. Wanda yafi shiga uku shi ne gola, tsaye yake, shi yasa ba abin mamaki bane da López yana cikin waɗanda aka cire. Haka 'yan kallo, su ma tsaye ko zaune suke kan siminti, sai dai su an barsu su sa duk abin da suka ga dama, ɗan wasa kuwa doka ta ƙayyade masa kaya. Zafi yana kisa, ba musu, amma ɗan wasan da ya tashi a La Ceiba bakin teku bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, kwana biyu ba zasu koya wa jikinsa komai ba.

Abin da ke bani mamaki da magoya baya shi ne yadda ra'ayi ke bin launin jesi. Wata biyu da rabi kafin wannan, ranar 16 ga Nuwamba 2021, Kanada ta kai Meziko birnin Edmonton, wajen digiri 9 ƙasa da sifili, an share dusar ƙanƙara an tara ta gefen fili, mutum sama da dubu 44 suka fito. Cyle Larin ya ci biyu, aka tashi 2-1, kuma a ƙwallo ta biyu Sam Adekugbe, wanda iyayensa 'yan asalin Najeriya ne, ya ruga ya yi tsalle ya faɗa cikin tulin ƙanƙarar. Wannan hoton ya zagaye duniya, kowa na dariya kowa na yabo, 'yan Kanada suka laƙaba wa filin Iceteca, daga ice wato ƙanƙara, don tsokanar Azteca. Kusan ba wanda yace Kanada ta yi rashin adalci. Me ya bambanta? Wani ɓangare digiri shida ko bakwai ne, kuma a wannan matakin ba ƙaramin bambanci bane. Amma babban ɓangaren labari ne, Kanada ce ƙarama, a lokacin rabonta da kofin duniya tun 1986, Edmonton garin da Alphonso Davies ya tashi ne bayan an haife shi a sansanin 'yan gudun hijira a Gana, Meziko kuma ita ce mai cin zalin yankin shekara da shekaru. In ƙarami ya yi wa babba dabara sai a ce wayo, in babba ya yi wa ƙarami sai a ce zalunci, kuma ban ce 'yan kallo sun yi kuskure gaba ɗaya a nan ba, haka zuciyar mai kallon ƙwallo take. Dama Kanada ta saba, a Satumbar 1985 ta kai Honduras ɗin dai can St. John's a tsibirin Newfoundland, ƙarshen duniya, ta ci 2-1 ta samu gurbinta na farko, har ana ba da labarin wasu magoya bayan Honduras da suka ɓace suka sauka a wani gari mai kusan irin sunan, Saint John, a wani lardin daban, suka ƙare da kallo a talabijin.

Amurkawa kuma da suke cewa a daina kuka, sun manta yadda Kosta Rika ta riƙe su a zuciya. Ranar 22 ga Maris 2013 a kusa da Denver aka buga wasa dusar ƙanƙara na zuba har layin fili ya ɓace, ma'aikata na bin layi da shebur ana cikin wasa, ƙwallo mai launi aka sa don a ganta. Clint Dempsey ya ci ɗaya, rafali ɗan Salbado ya ɗan tsayar da wasa bayan hutu sannan aka ci gaba. Kosta Rika ta kai ƙara, FIFA ta yi watsi da ita, ba don ta duba tace filin lafiya yake ba, don wai ba a bi ƙa'idar shigar da ƙorafi ba. Kwana huɗu bayan haka a San José, da aka fito da tutar wasa da adalci ta FIFA, 'yan kallo suka juya mata baya. Da Amurka ta zo a Satumba tun daga filin jirgi aka tare su da ihu, aka jefi motarsu da ƙwai, a fili kuma aka basu 3-1. A Amurka wancan wasan dusar abin tunawa ne mai daɗi ana ta saka bidiyonsa duk shekara, a Kosta Rika sunansa fashi.

Akwai kuma wata al'ada da ta shigo daga Ingila wadda ke ɓata wannan musun, wato ɗaukar jure sanyi a matsayin ma'aunin namiji. Tun 2010 da mai sharhi Andy Gray yayi shakkar ko Messi zai iya taka rawa a daren sanyi a Stoke, maganar ta zama karin magana har a gidajen kallonmu, duk ɗan wasan da ake son rainawa sai a jefa masa ita. A lokacin ne kuma su Tevez da Nasri suka fara sa mayafin wuya, tsofaffin 'yan wasa suka yi ta musu ba'a, a 2011 masu dokokin ƙwallo suka haramta shi, dalilin da suka bayar wai ana iya shaƙe mutum dashi. Toh da wannan idon wasu suka kalli 'yan Honduras, wai ragwaye ne. Alhali sanyin Stoke a Disamba yawanci sama da sifili yake da ɗan ruwan sama da iska, tsakaninsa da na St. Paul akwai kusan digiri 20. Mai zaune a ɗaki da waya a hannu shi ke cewa a jure.

Mu ma fa mun taɓa shiga irin wannan lissafin, kuma bai mana daɗi ba. Ranar 18 ga Yuni 2005 aka kai wasan Super Eagles da Angola filin Sani Abacha a Kano. Okocha ya fara ci da wuri, Figueiredo ya farke bayan hutu, aka tashi 1-1, a ƙarshe ƙasashen biyu suka yi maki 21 kowa, Angola ta wuce Jamus 2006 don ta doke mu 1-0 a Luanda. Har yau in aka tada maganar zaka ji masu cewa ranar Kano ce ta gasa 'yan wasanmu da suka saba da Ingila da Italiya fiye da yadda ta gasa 'yan Angola, wasu kuma, musamman mutanen Kano, su ce ƙarya ne an dai rasa wanda za a ɗora wa laifi ne, ƙungiyar ce bata buga komai ba. Ko wanne ne gaskiya, darasin da masu sukar Berhalter suka yi ta nanatawa kenan tun kafin wasa, cewa mummunan yanayi ƙungiyar da ta fi iya ƙwallo yake cuta, don yana rage wasan ya koma dambe da sa'a. In kafi abokin karawarka gwaninta, fili mai kyau da iska mai daɗi kake so. Kuma in ka duba, ko ɗaya daga ƙwallaye ukun Amurka ba a tsakiyar wasa aka ƙulla ta ba. Da McKennie bai ci da wuri ba, da ace an kai minti 70 ba ci, yatsu sun mutu ƙwallo ta yi tauri kamar dutse, da labarin da ake bayarwa yau daban ne, kuma waɗanda suka fi kowa kare shawarar da su zasu fara neman a kori koci.

Wannan ne yasa nake ganin nasarar ta rufe bakin mutane ne kawai, bata amsa tambayar ba. Amurka ta gama ta uku da maki 25, daidai da Kosta Rika, bambancin ƙwallaye ne ya raba su, ta tafi Katar kai tsaye. Kanada ta zo ta ɗaya. Honduras ta gama wasa 14 ba nasara ko ɗaya, don haka ba wanda ya ɗauki kukanta da muhimmanci, an ce ai ko a ina aka buga za a doke ta, wanda kuma gaskiya ne, sai dai wannan hujja ce a kan masu shirya wasan ba a gare su ba.

Bayan shekara uku abin ya sake faruwa. A Fabrairun 2025 Inter Miami, ƙungiyar Messi, ta je Kansas City wasan kofin zakarun Concacaf, aka ɗage wasan da kwana ɗaya saboda guguwar dusar ƙanƙara, ranar 19 ga wata aka buga cikin sanyin da ya yi kusa da na St. Paul, wajen 15 ƙasa da sifili. Messi ya ci ƙwallo ɗaya tilo bayan hutun rabin lokaci, intanet ta cika da cewa yau an ba Stoke amsa. Bayan an tashi rafalin, ɗan Meziko, ya tunkari Messi yana neman ya sa masa hannu, kyamara ta kama shi, kuma shi ne Concacaf ta hukunta a kan wannan wasan.